Layar Inna a cikin motar rimot

Jama'a, yau na gano abin da ke jan motata hagu!

Kun san ƙaramar motar tseren nan tawa mai rimot. Kwanan nan duk kwanar da ta sha sai ta kife ta hagu. Na ɗaure sifirin, na canja taya, na matsar da batir. A banza! Ga tserenmu ran Asabar a filin Shadawanka.

Na kai wa abokina Bulus, mai gyaran rediyo a Fadaman Mada. Ya ɗora ta a tafin hannu ya ce, "Kai, gefen nan ya fi nauyi."

Muka kwance ta. Laya! An cusa ta can lungun tayar hagu ta baya.

Na dawo gida a fusace. "Wa ya taɓa mini mota?"

Inna, mahaifiyata, tana tsintar shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ni ce."

"Inna, motar wasa ce fa! Ba kowa a ciki!"

Ta ce, "Ranar da yayanka Sani ya fita, ban sa komai a motarsa ba. Bai dawo ba. Ba motar da za ta sake barin gidan nan haka."



Da na gaya wa Bulus, sai ya nemo noti mai nauyin layar, ya ɗaure a dama. Ya ce, "Mayar da layar Inna inda ta sa."

Yanzu motar na shan kwana lafiya lau. Ta ƙara nauyi, ƙila a wuce ni ran Asabar. A wuce ni ɗin.