Kuskuren da Na Ɓoye wa Malam

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam, shugaban sashenmu na lissafin kwamfuta, bayan jinyar wata biyu. Yau kwana shida ke nan na kasa zama wuri ɗaya. In shiga ofis, in fito, in sake komawa ban san abin da na je ɗauka ba.

Malam, kai ka koya mini yadda kwamfuta ke neman gajeren jerin haruffa a cikin dogo. Ba ka barin mu taɓa na'ura sai mun yanka takarda biyu da almakashi, doguwa da gajera, mun rubuta haruffa, muna jan gajerar a kan doguwar harafi bayan harafi. Na sha yin gunaguni. Sai ka ce, "Sarauniyar gaggawa, abin da yatsanki bai gane ba, kwamfuta ba za ta gane miki ba." Da na haihu ana saura wata ɗaya jarrabawa, har gida ka zo da almakashinka, ka yi mini darasi jaririya na tsala ihu.

Amma na ɓoye maka wani abu, shi ya hana ni sukuni.

Hanyar binciken da ka ƙirƙira, wadda wani ɗakin gwaji ke neman alamar cuta da ita a jerin ƙwayoyin gado, tana da kuskure. A nemi ABA a cikin ABABA: sau biyu yake, sun haɗa harafin tsakiya. Hanyarka tana samun na farko, ta tsallake na biyu. Na gyara musu shiru. Sau uku ina zuwa asibiti da takardun da ke nuna kuskuren a jaka, in ga yadda ka rame, in koma da su ban nuna maka ba. Kai da ka ce almajirin da ya ga kuskuren malaminsa ya yi shiru ya ci amanarsa. Wallahi na ji kunyar kaina.

Jiya Mama, mai ɗakinka, ta miƙo mini ambulan, ta ce, "'Yata, ya ce hannunki kaɗai." Takardu biyu ne, an yanka su a karkace, ABABA da ABA. A baya ka rubuta: "A gadon nan na gano shi. Na san kin riga ni, don duk zuwanki ba ki ajiye jakar nan ba. Ki faɗa a gaban aji, ki ce Malam ne ya yi kuskuren."

Gobe da safe zan faɗa, Malam. Da ma a gabanka na faɗa.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka makwancinka. Mama da yara, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, mu ma Ya ba mu.