Jifa a Filin Ƙwallon Magaria

Ni tela ne, da ɗinki na ci abinci duk rayuwata, amma akwai wasu shekaru uku a ƙuruciyata da mutanen Magaria suka fi sanina da tsaron gida a filin ƙwallo. A ƙarshen zamanin Nasara ne, lokacin kumandan, Baturen da ke mulkin garin, yana zaune a bariki, gardi, wato 'yan sandansa, suna yawo da bulala. Na zo ne daga wani ƙauye kusa da Dungass ina da shekara ashirin da 'yan kai, na kama rumfa a bakin kasuwa, na kafa keken ɗinkin da kawuna ya bar mini.

Wani malamin lakwal, wato makarantar boko, shi ne ya haɗa ƙungiyar. Kowa Mushe yake ce masa, har waɗanda suka girme shi. Ya tattaro komi biyu, wato akawu, daga bariki, da direbobi, da wani mai awon gyaɗa, da 'yan kasuwa matasa. Ni kuwa tsawona ya gani, ya ce in tsaya tsakanin azara biyun da muka kafa, aka ɗaura musu igiya a sama. Ba mu da raga, ba mu da takalmi. Rigunanmu ni na ɗinka su, aka kai marina aka rina su shuɗi.

Shekara biyu muna cin duk wanda ya zo mana daga garuruwan kewaye, gari kuwa ya ɗauke mu kamar 'ya'yansa. Wanda ya fi kowa ɗaukar abin da zafi wani mahauci ne, ƙato, mai kimanin shekara arba'in, teburinsa yana kallon rumfata. Bai taɓa buga ƙwallo ba, amma shi yake kawo makaɗan kalangu duk ranar wasa, shi yake fara ihu, shi yake hana shi. In mun ci, sai ya gasa mana balangu mu ci mu ƙoshi. Kullum da safe sai ya ɗaga mini wuƙarsa daga nesa ya ce, “Ɗan Dungass, yaya hannu?” Na ɗauka ƙauna ce.

A kakar shekara ta uku, ana tsakiyar cinikin gyaɗa, Mushe ya gaya mana wata ƙungiya daga Damagaram za ta zo ran Lahadi. Ya ja mana kunne cewa waɗannan ba irin waɗanda muka saba da su ba ne, kullum suna atisaye, kuma suna da takalma masu ƙusoshi. Mahaucin bai saurari wannan ba. Sati guda yana yawo a kasuwa yana cika baki, yana cewa 'yan birni za su koma da kuka. Kafin Lahadi ta zo, duk garin ya riga ya ci wasan a bakinsa.

Da hantsi motarsu ta iso. Ina zaune a rumfa sai ga wani saurayi ya yi sallama, riƙe da wandon wasa da ƙarfen mota ya yage. Ya ce shi ne shugaban 'yan wasan baƙin, an nuna masa ni. Na ba shi kujera, na ɗinke wandon, muka ɗan yi hira, ya yi dariya da ya ji ni ne zan tsare musu gida da la'asar. Ya ciro kuɗi, na ce ya bari, baƙo ne. Na ɓara goro na ba shi rabi, muka yi musafaha ya tafi. Da na ɗaga kai sai na ga mahaucin yana kallonmu, ya daina yankan naman da ke gabansa. Ban ɗauki abin komai ba.

Ban taɓa ganin taro irin na ran nan ba. Mutane sun zo daga Guci, da Mallawa, da Dogo-Dogo, wasu a kan jakuna, wasu a ƙasa. An kewaye filin da igiya a jikin turaku. An ajiye wa kumandan da matarsa kujeru a inuwar wani gawo, gardi huɗu suna tsaye a bayansu. Mata masu ƙosai da masu gyaɗa sun jeru a gefe. Mahaucin da makaɗansa suka zo suka tsaya daidai bayana, kamar yadda suka saba.

Ba a daɗe da farawa ba na gane Mushe gaskiya ya faɗa. Ƙwallon tana yawo tsakanin ƙafafunsu, mu muna bin ta kamar masu korar kaza. Duk wanda suka taka da takalmin nan, sai ya koma yana ɗingishi. Ƙwallon farko da suka ci mu ta shiga ta kusurwar da ko tsalle ban samu na yi ba. Ta biyu da ka aka sa ta, bayan masu tsaron bayanmu biyu sun yi karo da juna. Tsakanin waɗannan na tare wajen shida, ɗaya har ta fasa mini yatsa, amma ba wanda ya tuna da su daga baya.

Da aka tafi hutu, kiɗan ya sauya. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san lokacin da kalangu yake yabo, ya san lokacin da ya koma zambo. Suka bi mu ɗaya bayan ɗaya. Suka yi wa wani komi zambo da ƙafafunsa, suka yi wa wani direba da uwarsa, mutane suna dariya irin wadda babu daɗi a cikinta. Mushe ya ce mu toshe kunne. Da muka sauya gida, mahaucin da mutanensa suka kewayo suka sake tsayawa a bayana.

Ta uku laifina ce, ban taɓa musun wannan ba. Ƙwallo ce mai sauƙi, daga nesa aka bugo ta, tana birgima a ƙasa. Na durƙusa na sa hannu biyu, yatsan da ya fashe ya ƙi riƙewa, ta sulale ta tsakanin ƙafafuna ta wuce. Filin ya yi tsit. A cikin shirun nan na ji muryar mahaucin, bai ma ɗaga ta sosai ba.

“Ku tambaye shi me aka ba shi a rumfarsa yau da safe. Da idona na gani.”

Maganar ta bi igiya ta kewaye filin kafin in miƙe tsaye. Na ji ana cewa tela ya sayar da gari, ana cewa dama ba ɗan nan ba ne. Abin da ya fara sauka a bayana hoge ne, sai ƙwallon goruba, wanda ya fi dutse zafi in ya samu mutum a ƙashi. Na juya na fuskance su, na ga fuskokin da na sani. Akwai wanda na ɗinka wa rigar angwanci, akwai wanda muke sahu ɗaya da shi a masallaci. Alƙalin wasa, wani ma'aikacin asibiti, yana ta busa usur, babu mai jin sa. Daga nan igiyar ta tsinke, suka shigo.

Baƙin suka taru a tsakiyar fili suna jiran a far musu, amma ko kallonsu ba a yi ba. Mu ake nema, masu shuɗin riga. 'Yan wasanmu suka watse, wasu suna tuɓe rigunan suna yarwa don su saje da jama'a. Mai awon gyaɗa, wanda shekara uku muna cin abinci a kwano ɗaya, ya ga an kewaye shi, sai ya nuna ni da yatsa ya ce shi ma ya ga baƙon ya fito daga rumfata. Suka sake shi. Mushe kaɗai ya rugo wajena, ya buɗe hannuwa yana roƙonsu, aka ture shi ya faɗi, aka taka masa tabarau.

Suka kama rigata ta ko'ina har ta rabu biyu. Ina kare kaina da hannu sai na ga mutane sun buɗa hanya. Mahaucin ne, ya tumɓuko ɗaya daga cikin turakun igiya. Mun haɗa ido, ya san ni, na san shi. Ya ɗaga turken da hannu biyu ya sauke mini a gefen fuska na hagu.

Sauran abin da ya faru, ba ni labari aka yi. Kumandan ya ba gardi umarni, suka shiga da bulala suna dukan duk wanda suka samu, har tsofaffin da ba su motsa daga inda suke zaune ba. Jama'a suka juya da gudu, aka tattake yara da mata, jakuna suka tsinke, kaskon wata mai ƙosai ya kife a ƙafar wani dattijo ɗan Guci, mai ya ƙone shi har gwiwa. Ni kuwa 'yan Damagaram ne suka ɗauke ni suka sa a motarsu suka kai ni asibiti. Wanda na ɗinke wa wando shi ya riƙe kaina a cinyarsa. Na rasa haƙora huɗu, kunnena na hagu kuma tun daga ranar bai ƙara jin komai ba.

Kwana biyu ina kwance, Mushe kaɗai yake zuwa. A rana ta uku da la'asar sai ga dattawa uku na unguwarmu, har da mai gidan da nake haya. Suka zauna, suka ce gobe kumandan zai kira ni, yana son sunan wanda ya yi dukan. Suka ce mutumin yana da mata da 'ya'ya, ɓacin rai ne ya ɗebe shi, kuma bai dace a miƙa Musulmi ga Nasara ba. Abin da suke so shi ne in ce ban ga kowa ba. Na saurare su har suka gama. Babu wanda ya tambaye ni yaya bakina, babu wanda ya ce ƙarya aka yi mini. Na tambayi mai gidana ko shi ya yarda na sayar da wasan. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Ɗana, Allah ne ya san wannan.”

Da a ce ya amsa mini da a'a, ina jin da na rufa wa mahaucin asiri.

Washegari aka kai ni bariki, fuskata a naɗe. Kumandan bai damu da ni ba, ko zama bai ce in yi ba. Abin da ya ɓata masa rai shi ne an yi hargitsi a gabansa, kuma hoge ya faɗa kusa da kujerar matarsa. Tafinta ya tambaye ni ko na ga wanda ya buge ni. Na ce na gan shi sarai, na faɗi sunansa, na faɗi inda teburinsa yake. Aka ɗaure shi wata shida a gidan kaso. Kumandan ya hana wasan ƙwallo a garin, aka tumɓuke azarorinmu, gardi suka kwashe su.

Na ɗauka abin ya ƙare ke nan, ashe yanzu aka fara. Dā ana cewa na sayar da wasa, yanzu an ƙara da cewa na sayar da mutum. Ranar da na koma rumfa, mutane suka yi ta zuwa suna karɓar yadinsu, har wanda na riga na yanka, har rigar da saura hannu ɗaya. Babu mahaucin da zai sayar mini da nama. Sau uku ina tarar da an zubar da ƙazantar tumbi a ƙofar rumfata, ƙudaje sun rufe wurin, maƙwabta suna kallona ina kwashewa. A masallaci, in na tsaya a sahu, sai na kusa da ni ya matsa. 'Yan wasanmu kuwa in sun hango ni sai su sauya hanya, suna cewa ni na jawo aka hana su wasa. Ba a yi wata biyu ba aka ɗauke Mushe aka kai shi wata lakwal can yamma, na rasa wanda zan yi wa magana.

Kullum da safe ana fito da 'yan kaso su ɗebo ruwa don lambun bariki, kuma ta bakin kasuwa suke wucewa. Ina ganin mahaucin da garwa biyu a kafaɗa, gardi yana bin sa. Mata suna yi masa sannu, maza suna jefa masa goro a aljihu, wani har kirari yake yi masa. In ya zo daidai rumfata sai ya rage tafiya ya tofar da yawu. Ni kuma ba na sauke idona, ina kallonsa har ya wuce.

Na jure har bazara. Ranar da mai gidana ya ce yana bukatar ɗakinsa, ban tambaye shi dalili ba. Na kwance keken ɗinki na ɗaure a kan jaki, na bi ayarin masu komawa Dungass daga kasuwa. Na fita da rana tsaka, ta tsakiyar gari, don kada a ce na gudu. Da na isa gida mahaifiyata ta sa na buɗe baki, ta daɗe tana duba gurbin haƙoran, sannan ta ce in ba ta labari tun daga farko. Da na gama ta ce da ita ce, da tun a gadon asibiti ta faɗi sunan.

A Dungass na kafa rumfa, na yi aure, na haifi 'ya'yana. Magaria kuwa ba na shigarta sai in takarda ta kai ni, kuma ba na kwana. Bayan an samu 'yancin kai na ji sun sake kafa ƙungiya, mahaucin ya koma tsayawa bayan mai tsaron gida da makaɗansa kamar ba a yi komai ba. Ya rayu har ya tsufa, ya je Makka, ana girmama shi. Da ya rasu, wani abokin cinikina ya zo ya gaya mini, ya ce ga mota za ta tafi gaisuwa, ya kamata in bi su a wuce wurin. Na ce Allah ya ji ƙan Musulmi, na ce masa kuma ina da aiki. Motar ta tafi ba ni.