Ranar da Na Hana Bas Tashi a Ayutthaya

Waɗanda muka fita tare ran nan, ga su. Akwai ni. Akwai 'yata ta fari, nas ce a wani asibiti nan Greensboro a Amurka, ita ta ɗauko ni. Akwai maƙwabciyarmu Maman 'yan biyu, mutuniyar Filato, Kirista, bene ɗaya muke hawa da ita a gidajen da ke bayan Gate City Boulevard. Akwai mai yi mana jagora, 'yar ƙasar ce, 'yar firit da ita, kullum tana ɗaga wata 'yar tuta ruwan ɗorawa, shi ya sa nake ce mata Mai Tuta. Akwai direba, mutum marar magana. Sauran abokan aikin 'yata ne da iyalansu: baƙaƙen Amurka biyar, 'yan Filifin biyu, Ba'indiye da matarsa, Turawa shida. In an cire direba da Mai Tuta, mun zama goma sha takwas ke nan. Na goma sha tara wani tsohon Bature ne da ke zaune a unguwar Irving Park, matarsa ta rasu, yana zuwa asibitin su 'yata aikin sa kai, yana tura marasa lafiya a keke. Shi kaɗai ya zo. Duk inda za shi yana riƙe da wata laima mai furanni irin ta mata, na sa masa Mai Laima.

Tun kafin mu baro gida 'yata ta zaunar da ni a kicin ta karɓi alkawari.

"Inna, please, waɗannan mutanen da su nake aiki. Ban da sa ido. Ban da yi wa ɗan kowa faɗa."

"Yaushe na yi wa ɗan wani faɗa?"

"Shekaranjiya. A kantin Larabawa."

"Yaro yana lasar dabino yana mayarwa cikin kwali, sai in yi masa tafi?"

Ta ce in na kunyata ta a gaban mutanenta, daga Thailand ba za ta ƙara ɗaukata ko kantin Walmart ba. Na yi alkawarin, don ina son tafiyar. Ni da ban taɓa zama a aji ba, ko sunana a fasfo sai an nuna mini inda yake, ga shi an ce za a kai ni ƙasar da ake hawa giwa. Sati biyu ina shirya akwati ina kwancewa.

Kuma wallahi ba a yi mini ƙarya ba. Bangkok gari ne! Ranar farko muka shiga kwalekwale mai inji a wani kogi da ya raba garin biyu, ruwa yana fantsama mini a fuska, Maman 'yan biyu ta ƙanƙame hannuna tana kiran Yesu, ni ina salati, muna dariya kamar yara. Na ga kasuwa a kan ruwa, mata da malafa suna soya abinci a cikin jirgi, wuta tana ci a kan ruwa. Na ci mangwaro da shinkafa mai danƙo da madarar kwakwa, abin da in aka ba ni labari zan ce ƙazanta ce, sai ga ni na nemi ƙari. Na hau a-daidaita-sahunsu, ta fi tamu gudu, ta fi tamu hauka. Na ga hasumiya dogo da aka lulluɓe da fasassun tangaran daga ƙasa har sama, kowane gutsure an liƙa shi da hannu. Na tsaya na daɗe ina kallo. Duk wanda ya yi wannan aikin, uwarsa ta koya masa haƙuri.

Abu ɗaya na ƙi. Ɗakunan ibadarsu, inda gumakan suke, ba na shiga. Ban zagi kowa ba, ban yamutsa fuska ba, addininsu ne. Ina yawata a tsakar gida, in ga rufin zinariya, in ga malaman addininsu masu jan mayafi suna shara, amma in aka zo bakin ƙofa sai in nemi dakali in zauna. A can kuwa ba a shiga da takalmi, kowa sai ya tuɓe. To ni da ke zaune, sai takalman suka zama nawa. Mai Tuta ta ga haka, ta haɗa tafin hannunta ta rusuna mini, daga nan kowa ya riƙa ajiyewa a gabana.

Kwana huɗu ina gadin takalmi goma sha takwas. Na san na Ba'indiyar nan mai igiya ja. Na san Baturen da ke take bayan nasa kamar silifa. Na san na Mai Laima, ruwan ƙasa ne mai ɗauri, dugadugin hagu an ƙara masa tudu domin ƙafar ta fi gajarta. Shi ne kullum na ƙarshen fitowa. Zai zauna gefena ya daɗe yana ɗaure igiya, ya ce mini wani abu da Turanci, in ce masa "Sannu." Na kuma lura yana huda yatsa da wata 'yar allura kafin ya ci abinci. Na tambayi 'yata, ta ce ciwon suga ne, ta kuma ce, "Inna, alkawari."

Rana ta biyar aka kai mu Ayutthaya, tsohon birnin sarakunansu da aka ƙone a yaƙi tun zamanin da. Jan bulo ko'ina, hasumiyoyi sun karkace kamar za su faɗi amma sun ƙi, gumaka a jere babu kawuna. A wani wurin kan gunki ne saiwoyin itace suka rungume, mutane suna durƙuso suna hoto. Ga giwaye na wucewa a titi da mutane a bayansu. Ni dai bakina bai rufu ba. Zafi kuwa irin mai ruwa-ruwa, hijabina ya manne mini a baya.

Wurin ƙarshe kafin azahar wani babban ɗaki ne kusa da kufai. Suka tuɓe takalma suka shige, na zauna. Sai na hango wata mata a tsallaken hanya da ɗankwali irin na Musulmi, tana jan wani abu kamar zare. Maman 'yan biyu ta riga kowa fitowa, ƙafa ta dame ta.

"Hajiya, tashi mu je mu gani. Takalman nan ba gudu za su yi ba."

Muka je. Na yi wa matar sallama, ta amsa mini tsaf da Larabci, sai da tsikar jikina ta tashi. Alewa take yi, siririya kamar gashin masara, ana naɗe ta a wata 'yar waina. Ta cika mini leda, ta kuma nuna mini bayan rumfarta na yi alwala na yi salla. Da na idar, mutanenmu sun riga sun nufi inda bas-bas suke. Ban koma bakin ƙofar ba. Wannan laifin nawa ne, na ɗauka.

Filin cike yake da farare-fararen bas iri ɗaya. Muka shiga tamu, sanyin na'ura ya buge ni, kowa ya zube a kujera. Mai Tuta ta tsaya a gaba tana nuna kawuna da yatsa, bakinta yana motsi. Ta yi murmushi ta faɗa wa direba wani abu. Inji ya tashi.

Ni kuwa raina bai kwanta ba. Na yi kiwon awakin babana shekara da shekaru a ƙauyenmu, ban taɓa ƙirga su ba. Saninsu ake yi: ga mai tsagaggen kunne, ga mai tari, ga wadda kullum take baya. In babu ɗaya, tun kafin ka san wacce ce, cikinka ya gaya maka. Na waiwaya. Can kujerar baya inda Mai Laima yake zama, ga mutum ya jingina, farin gashi, ya rufe fuska da hula. Babu laima.

Na taɓa 'yata. "Ke, mutumin nan bai shigo ba."

"Wane mutum?"

"Mai Laima."

Ta leƙa. "Ga shi can yana barci."

"Ba shi ba ne."

"Inna, an ƙirga. Nineteen. Mun cika."

"Ku kuka cika. Ni ban cika ba."

"Don girman Allah ki zauna, ana kallonmu."

Na tashi. Na bi tsakiyar bas ina dafa kujeru har baya, na sunkuya na dubi ƙafarsa. Takalmi buɗaɗɗe ne da farar safa, dugadugi duk ɗaya. Daidai nan bas ta fara ja da baya.

Ban san ina da sauran gudu ba sai ran nan. Na iso gaba, na sauka matakalar ƙofa na zauna daram, na buga ƙofar da tafin hannu. Turancina duka na haɗa.

"No go! No go!"

Direba ya taka burki. Mai Tuta ta durƙuso tana yi mini magana a hankali kamar mai lallashin marar lafiya. 'Yata ta taso, fuskarta kamar ta nutse, tana ba mutane haƙuri da Turanci, na tsinci kalmar zafi, wai shi ne ya taɓa ni.

"Zafi ya taɓa ki dai," na ce. "Maman 'yan biyu, tashi ki cire masa hular nan."

"Ni? Hajiya, so kike a ɗaure ni a ƙasar mutane?"

"Cire, na ce!"

Matar nan, Allah ya saka mata. Ta je ta ɗaga hular da yatsa biyu. Mutum ya zabura, ga gashin baki har kunne, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya fara wani yare da ba Turanci ba. Ashe ɗan wata tawaga ce, ya ga farar bas a buɗe ya shigo ya kwanta. Bas ta kaure. Wasu na dariya, Ba'indiyar ta dafe ƙirji, Mai Tuta kuwa tutar ce ta faɗi daga hannunta.

'Yata ba ta yi dariya ba. Ta duba agogo. "Bai ci komai ba tun safe. Inna, ina kika gan shi last?"

"Biyo ni."

Muka keta filin nan cikin rana, ni a gaba da ledar alewata, ita da Mai Tuta a baya. Tun daga nesa na hango takalmansa a bakin babban ɗakin, su kaɗai a gefen dakalin da na bari: ruwan ƙasa, mai tudu a hagu, da laima a jingine. 'Yata ta watsar da nata takalmin ta faɗa ciki. Na tsaya a ƙofa ina haki. Ba a jima ba na ji muryarta, irin wadda ban taɓa ji a gida ba, muryar asibiti.

"Inna! Kawo alewar nan! Yanzu!"

Ban tsaya shawara ba. Na tuɓe na shiga.

Yana zaune a ƙasa ya jingina da ginshiƙi, zufa ta jiƙa rigarsa sharkaf, idonsa a buɗe amma kamar bai san mu ba. Mutane suna ta wucewa ta gabansa, sun ɗauka ibada yake. 'Yata ta tambaye shi wani abu, ya gyaɗa kai, ta riƙa yagar alewar tana sa masa a baki kaɗan-kaɗan, ni ina yi masa fifita da gefen hijabina. Mai Tuta ta ruga ta dawo da lemon kwalba. A hankali jini ya dawo masa fuska. Da ya gane ni, sai ya buɗe baki da ƙyar ya ce, "Sanu."

"Sannun me? Mutum da girmanka, ka san kana da ciwo, ka fito rana ba ka karya ba? Wa ka bar wa kanka?"

'Yata ba ta fassara masa ba. Ba ta kuma hana ni ba.

Sai da muka miƙar da shi na ɗaga kai. Gunkin yana zaune, ya kusa taɓa rufi, zinariya tun daga gwiwa har kai, yatsansa ɗaya ya fi ni kauri. Na gani da idona, ba zan ce ban gani ba. Na yi istigfari, na kama hannun tsohon muka fito, na zaunar da shi a dakali na tsaya har ya ɗaure igiyar takalminsa.

Da muka koma bas aka yi ta tafi, abin da na tsana. Mai gashin baki an riga an mayar da shi wajen mutanensa. Mai Tuta ta rusuna mini har goshinta ya kusa taɓa gwiwata, idonta cike da hawaye, na ce ta tashi, ba a yi wa mutum haka. 'Yata ta zauna kusa da ni, muka hau babban titi. Can ta ce, "Me kika ce za ki ci in mun isa?" Na ce mangwaron nan da shinkafa. Ta ce to.

Washegari na idar da sallar asuba na sauka ɗakin cin abinci na otal tun ba a gama jera kwanuka ba. Na zauna ina fuskantar ƙofa. Da ya shigo ya nufi wajen kofi, na tare shi na nuna masa kujera. Na ɗebo masa ƙwai biyu dafaffu, da kunun shinkafarsu, da ayaba, na dire a gabansa. Na sa wata ayabar a aljihun rigarsa da hannuna. Ya fara wani dogon bayani da Turanci, na nuna masa cokali. Ina tsaye a kansa har ya share kwanon, sannan na hau sama na tashi 'yata.