Ɗigon Mai a Kan Kwali

Shekaranjiya na raka maigidana gareji a kan hanyar Zariya. Ina zaune a benci ina jiran a gama, sai bakaniken ya jawo wani gwangwani cike da baƙin mai ya ajiye kusa da ƙafata. Da warin ya bugi hancina, sai na tashi na koma gindin wata bishiya na tsaya. Maigidana ya ɗauka zafin rana ne ya dame ni. Na bar shi a haka. Amma kai mai karatu, bari in ba ka labarin, don na gaji da riƙe shi.

A Ikara na tashi, a gidan kakana na wajen uba. Mahaifina ya rasu ina da shekara shida, bayan ciwon da bai wuce mako biyu ba. Mahaifiyata ta gama takaba ta koma gidansu, daga baya ta yi aure a Kudan, ni kuma aka bar ni hannun kakannina. Sunan mahaifiyar kakana aka sa mini, don haka bai taɓa kirana da komai ba sai Uwata. Kakata kuwa, da yake sunan surukarta ne, sai ta ce Mai Sunan Manya. Mu yara muna ce masa Baba Tsoho, ita kuma Iya. A bayan Iya nake kwana, a kwanon Baba Tsoho nake cin tuwo. Duk duniyata ke nan.

Baba Tsoho tsohon direba ne. Ya yi shekaru yana jan motar ofishin gona, yana zaga ƙauyuka lokacin awon auduga. Da ya ajiye aiki ya sayi wata mota irin waɗanda ake haɗawa a Kaduna a zamanin da, doguwa, ruwan madara, giyarta a jikin sitiyari. Da idonsa ya fara rauni, mahaifina ne ke tuƙa shi a cikinta. Ranar da aka kai mahaifina makwancinsa, aka tura motar ƙarƙashin rumfar kara a bayan zaure, ba a sake tayar da ita ba. Tayoyin suka sace, suka nutse cikin ƙasa. Kajin Iya suka mayar da ƙarƙashinta wurin saka, ɓeraye suka cinye kujerun. Shekara huɗu tana nan, kuma ban taɓa ganin Baba Tsoho ya dube ta ba idan zai wuce.

Bayan an gama girbin dawa, shekarar da na cika goma, mahaifiyata ta aiko ƙaninta da roƙo: mijinta ya amince, tana son a ba ta ni. Ina bayan ƙofar zaure ina ji. Baba Tsoho ya ce, "Ta fi mu haƙƙi a kanta. Amma ba za a cusa mini marainiya a motar haya kamar buhun masara ba. Ka ce mata ni zan kawo ta da kaina, a motar da ubanta ya tuƙa. Ta ba ni lokaci in tayar da ita."

Ba wanda ya tambaye ni. Ba don ba na son mahaifiyata ba ne. Shekara huɗu ta yi wa yaro yawa. Na saba da ita kamar baƙuwa mai kawo tsaraba. Gidan da take ban san shi ba, mijinta ban san shi ba.

Baba Tsoho yana da wani amini a Makarfi, tsohon bakaniken ofishin da ya yi aiki, Kirista ne daga kudancin Kaduna, wanda ya zauna a garin har Hausarsa ta fi tamu. Baba Makanike muke ce masa. Duk Asabar sai ya zo a kan babur, jakar sifanu a baya, karan rake biyu ɗaure a gefe, nawa da na Iya. Tsofaffin nan biyu suka ɗaga motar suka ɗora ta a kan itatuwa. Suka sauke tankin mai suka wanke tsatsa. Suka kwashe sheƙar ɓeraye daga cikin inji har kwando guda. Lagireto, tankin ruwan inji, yana yoyo ta wuri uku, aka kai shi Makarfi aka like. Tiyo-tiyon duk sun bushe sun tsage, aka sauya. Man birki yana bin tayar baya yana tsiyaya, suka kwance suka sa sabuwar roba. Wani tela ya ɗinka wa kujerun jar riga. Suna aiki suna musu a kan wanda ya fi wani tsufa, suna tuna hanyoyin da suka kafe a cikinsu da damina. Tun rasuwar mahaifina ban ji dariyar Baba Tsoho irin ta lokacin ba.

Da bazara ta kama, zafi ya yi zafi, wata Asabar da la'asar injin ya tashi. Ya yi tari, ya yi tari, ya turnuƙe gidan da hayaƙi, sannan ya daidaita. Kaji suka watse. Maƙwabta suka leƙo ta katanga, wata ta rangaɗa guɗa. Iya ta rufe fuska da gyale, don ƙarar ta tuna mata da ɗanta. Ni kuwa na zaga bayan rumbu na yi kuka, don na san ranar tafiyata ta matso.

Saura abu ɗaya. Baba Tsoho ya samo faffaɗan kwali, ya shimfiɗa a ƙarƙashin injin. Ya ce, "Motar da ke zubar da mai ba za ta ɗauki Uwata ba. Sai kwalin nan ya kwana uku ba ɗigo, sannan mu kama hanya."

Kwana na farko kwalin ya tashi fes. Na biyu ma haka. Iya ta fara wanke mini kaya tana shanyawa. Rana ta uku da asuba, da maza suka fita masallaci, Iya kuma ta tayar da salla, na lallaɓa rumfar. A kusurwa akwai gwangwanin da suka juye tsohon man motar a ciki. Na tsoma tsinke, na kwanta rub da ciki, na miƙa hannu, na ɗiga uku a tsakiyar kwalin. Na goge yatsuna da ƙasa na koma ɗaki.

Da gari ya waye Baba Tsoho ya jawo kwalin. Ya kai shi kusa da idonsa, ya taɓa ɗigon da yatsa, ya murza, ya shinshina. Ya daɗe a tsugune. Sannan ya ce, "Ashe da saura." Ya ce wa Iya ta mayar da kayana adaka.

Daga nan abin ya zame mini sabo. Su kwance kaskon man da ke ƙarƙashin inji, su yanka sabon gasket, takardar nan mai hana yoyo, su ɗaure notuna ɗaya bayan ɗaya, su sa sabon kwali. In bari ya kwana biyu, a na uku in ɗiga. Suka sauya zoben robar gaba, suka sauya na baya. Ruwan farko ya sauka, aka yi shuka, masara ta kai gwiwa, ta kai ƙugu. Ƙasan rumfar ya jiƙe, amma Baba Tsoho sai ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashin motar, ƙafafunsa kawai ake gani, siraran nan masu kaushi. Wani lokaci in ji yana tari daga can ciki. Ina tsaye da kofin kunu ina jiransa, in ce a raina gobe ba zan ƙara ba. Idan kwana na uku ya zo, sai in tarar da kaina a gaban gwangwanin.

Sau ɗaya mahaifiyata ta zo da kanta, da tsohon ciki, ta sha hanya a motar haya. Ta durƙusa a ƙofar zaure ta gaishe shi har ƙasa, ta tambayi gona, ta tambayi jiki. Can ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Baba, ko in tafi da ita yau, tunda ga ni na zo?"

Ya ce, "Ki ƙara haƙuri, 'yata. Na yi alkawari, zan cika."

Da za ta fita ta tsaya ta dubi motar, fentinta yana ƙyalli, ba alamar abin da ya same ta. Ta kama hannuna ta matse, ta saki, ta tafi ba ta waiwayo ba.

Cikin marka, lokacin da ake kwana uku ba a ga rana ba, tarin ya kwantar da Baba Tsoho. Zazzaɓi ya rufe shi, numfashi ya riƙa yi masa wuya. Daga ranar ban sake taɓa gwangwanin ba. Kwalin ya yi kwana goma fes, ba mai dubawa. Da aka ga abin ya ƙi, aka aika wa Baba Makanike, ya zo ya sauke motar daga kan itatuwa don a kai shi asibiti Zariya. Tafiyarta ta farko ke nan.

An kwantar da shi a kujerar baya, kansa a cinyar Iya. Ya yafito ni, na leƙa ta taga.

"Uwata, kin duba kwalin yau?"

Na ce, "Na duba, Baba."

"Da ɗigo?"

"Babu."

Ya lumshe ido ya ce, "To, alhamdu lillahi. Ta warke."

Maganar tana bakina, wallahi tana bakina, amma mutane sun kewaye motar, na kasa. Kwana huɗu bayan haka, a cikin motar aka dawo da shi a lulluɓe.

Bayan sadakar arba'in Iya ta ɗaure mini kayana da hannunta, ta ce alkawarin mamaci ba a barinsa. Baba Makanike ya zo ya ɗauke ni. Muka bar Ikara da hantsi, ni kaɗai a gaba kusa da shi. Da muka wuce Makarfi, muka shiga tsakanin gonakin rake, sai abin ya ƙwace mini. Na ce, "Baba, ni na kashe shi. Ni nake zuba man."

Ya gangara gefen hanya ya kashe mota. Ya bar ni na yi kuka har na gaji, sannan ya ce, "Yarinya, saurara. Man da muka zuba wa motar nan sabo ne, ja kamar zuma. Wanda ke kan kwali baƙi ne ƙirin. Kakanki ya yi shekara talatin yana tuƙi. Kina tsammani bai gane ba tun safiyar farko?"

Na ce, "To me ya sa ya ci gaba da shiga ƙarƙashinta?"

"Na tambaye shi. Na ce mu daina wahalar da kanmu. Ya ce idan ya daina, asirinki ya tonu, a doke ki, a kai ki gidan uwarki da sunan maƙaryaciya. Ya ce a bar ki har ki haƙura da kanki." Ya juya ya dubi raken. "Kuma shi ma bai gaji da ganinki ba. Tarin nan kuwa tsoho ne, tun ƙurar auduga yake tare da shi. Ba ke ba ce."

Ko gaskiya ya faɗa game da tarin, ko tausayina ya ji, har ya bar duniya ban sani ba.

A Kudan na tarar da mahaifiyata da jariri a baya. Ta nuna mini ɗan gadon da ta saya mini tun bazara, an lulluɓe shi da zani don kada ya yi ƙura. Ta riƙe ni riƙon da ba ni da abin cewa, mijinta ma haka. Amma duk sanda aka ambaci Baba Tsoho sai fuskarta ta canza. Takan ce, "Allah ya jiƙansa, amma tsohon nan ya so ya hana ni 'yata, ya fake da mota." Ina ji, in sunkuyar da kai. Na yi makaranta, na yi aure, na haifi nawa, ina ji ana ɗora masa laifina, ban buɗe baki ba.

Yanzu gidan Ikara an raba shi da katangun bulo, inda rumfar take an yi shagon cajin waya. Iya ta bi mijinta da shekara uku. Motar kuwa magada sun rasa mai iya kula da ita, masu sayen ƙarafa suka yanka ta suka loda. Yau Ikara da Kudan ba wata tafiya ba ce. 'Ya'yana idan sun yi kewar kakarsu sai su kira ta a waya su ga fuskarta, ba mai raba yaro da kowa don an kai shi wani gari.

Bara da azumi na je gaishe da mahaifiyata, ta tsufa, furfura ta rufe kanta. Hira ta kawo mu kan Baba Tsoho, ta fara maganar da ta saba. Sai na tare ta, na faɗa mata komai, tun daga tsinken har gonakin rake. Na zaci za ta yi faɗa, ko ta yi dariyar ƙuruciya. Ta daɗe tana kallon tabarma. Sannan ta ɗago ta ce, "Ashe ke ce ba ki son zuwa wurina."

Ta jawo buta ta yi alwala, ta yi raka'a biyu, na ji tana nema wa Baba Tsoho gafara, tana roƙon ya yafe mata zargin shekara da shekaru. Da ta shafa, ta juyo ta tambaye ni ko zan kwana. Na ce zan kwana. Na yi mako guda.