Ƙwayayen Rediyon Kaka

A Durba muka tashi, a hannun Kaka. Mijinta mai gyaran rediyo ne a kasuwar Rano. Da ya rasu ya bar mata tsohon rediyo mai akwatin katako, da kwano cike da ƙwayayen gilashi irin na cikinsa, waɗanda masu gyara ke kira bawul. Rediyon nan shi ne abokin hirarta. Bayan an ci tuwo sai ta kashe shi, ta zaro ƙwai ɗaya daga kwanon ta kara a hasken murhu.

"Ku matso, marasa jin magana. Yau wannan ne da bakin labari."

Ba ta yi boko ba, mijinta ne ya nuna mata ma'anar rubutun da ke jikin ƙwayayen. Farin tambarin shi ne gidan da ya ƙera ƙwan, manyan baƙaƙen sunansa ne, ƙananan na gindi kuwa shekarar da aka yi shi. "Wannan ya girmi ubanku. Kada wanda ya taɓa min rubutun, gogewa yake."

Tatsuniyar da ta fi maimaitawa ta garin mutanen gilashi ce, inda kowa ke da tsagar gidansu a kumatu. Wata budurwa ta raina tata, ta je rafi ta dirje da yashi har ta yi sumul. Da ta dawo, uwarta ta leƙo ta ce, "Baiwar Allah, wa kike nema?" Ta bi gida gida, ba wanda ya shaida ta.

"Sai kuma me, Kaka?"

"Sai barci. Tashi."

Shekarar da na gama sakandare ƙwai ɗaya ya mutu, rediyon ya yi shiru. Kaka ta daina cin abincin kirki. Yayana Sabi'u ya zo daga Kano ya ce zai kira wani dattijo mai gyara daga Kibiya. Kafin mutumin ya iso, muna gidan suna, Sabi'u ya zare duk ƙwayayen rediyon ya haɗa da na kwanon ya wanke da soso da sabulu. Wai kunya ce baƙo ya ga ƙura!

Dattijon ya huci kowanne da bakinsa, ya ɗaga a rana ko inuwar rubutu za ta fito. Ko ɗigo.

"Hajiya, sai haƙuri. In na sa wani a gurbin wani, ƙonewa zai yi gaba ɗaya."

"To ni ai tsabta na yi," in ji Sabi'u. "Zan sayo miki na zamani."

Ya sayo. Ba ta taɓa kunna shi ba har ta rasu bara.

Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar kan raina gida take. Yanzu har tausayin budurwar nake, don ita fuskarta ta dirje, ba ta wani ba. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne mai gyara abin da bai sani ba, bai kuma tambaya ba.

Ranar sallah Sabi'u ya ce min, "Wai Hadiza, har yanzu fushin kwalaben nan kike?"

Na ce, "Eh, Yaya. Har yanzu."