Haladu da Rijiyar Tsakiyar Tabki

Faɗan da muka yi da Haladu a gindin kuka, a gaban baƙi aka yi shi. Ya kawo malaman makaranta shida daga Gumel, yana nuna musu ramukan da ke jikin kukar, wai nan mayaƙa suka kafa turaku suna hawa su hango dawakin Damagaram. Ina gefe da kaskon ƙosaina na ce, "Ramukan masu ɗiban zuma ne, malamai, kada ku rubuta."

"Kande," in ji shi, "soya abin da ke gabanki."

"Kai ma ai suyar kake yi, sai dai taka ba mai."

Ya yi fushi kwana uku, ya huce. Taubashina ne, ɗan kawuna, bakina a kansa halal ne.

Manomi ne kamar kowa a ƙauyenmu na gabas da Gagarawa. Amma da an gama girbi, duk baƙon da ya zo tambayar tsohon gari, ƙofarsa ake nuna masa. Goro biyu ya ishe shi lada. Tafiyar wuni guda ce: da hantsi a tashi daga kuka, a bi tudun da ya rage na ganuwa, a yi azahar a kufai inda ake tsintar tsingaro, la'asar a dawo bakin tabki. Ni kuma ina biye da kasko, don baƙo sai ya ci. A nan zai jingina bayansa da kukar, ya miƙa sanda saitin wani gawo da ke ƙetaren ruwa, ya ce, "Rabin hanya tsakanin nan da can, a ƙarƙashin ruwa, akwai rijiyar mutanen farko. Da itacen ƙirya aka ɗaure ta. Ita ke shayar da tabkin, ba ta taɓa ƙafewa ba. Kakata ce ta nuna mini."

Kakar tamu ɗaya ce, ni dai ban taɓa zama na saurare ta ba. Sauran labaransa kullum sai ya ƙara musu gishiri, wannan kuwa shekara talatin ban ji ya sauya masa kalma ba.

Shekarar da aka fito da naira ruwa ya ƙi. Tabkin da ko tsofaffi ba su taɓa ganin ƙasansa ba ya bushe ya tsage. Haladu ya tafi Maigatari cin rani, yana tufka igiyar shanu. A bayansa makiyaya suka sassare rassan gawon nan kaf, ya mutu a tsaye. Na sa Ɗantsoho mai gatari ya kayar mini da shi, na yi wata uku ina suya, kututturen ma na ƙone don toka. Saura wani gawo ɗaya, taku arba'in arewa da shi.

Haladu ya dawo, yanar ido ta fara rufe masa gani. Kwanansa biyu Sajo ya zo, Bafulatanin da shanunsa talatin suka koma sha ɗaya. Danginsa duk sun yi kudu.

"Malam Haladu," in ji Sajo, "ka daɗe kana nuna rijiya da sanda. Ga tabki ya buɗe. In tana nan, ba ni tafiya."

"Tana nan," in ji Haladu.

Ya jingina da kuka, ya ƙanƙance ido, ya miƙa sanda ga inuwar gawon da ya rage. Mutanen gari ba su san wane gawon ba ne, don labarin na baƙi ne, ɗan gari ba ya tsayawa jinsa. Ni kaɗai na ga sandar ta karkace. Na ce a raina ai babu wata rijiya, don me zan bari a ce Kande ta soye ruwan gari da ƙosai? Ni da ake gudun bakina tun daga nan har Sule Tankarkar, ranar nan ban ce uffan ba.

Kwana goma sha bakwai suna haƙa, shi da Sajo da mutum huɗu. Zurfin gaba goma sha biyu, yashi busasshe. Shanun Sajo suka koma huɗu, ya kora su ya tafi ko sallama babu. A kasuwa aka dinga kiran Haladu "Mai Rijiya", bai taɓa ɗaga kai ba. Da damina ta dawo ruwa ya rufe ramin da komai. Baƙi suka ci gaba da zuwa, sai ya aiko matarsa Mairo ta ce ya manta hanya.

Shekara huɗu bayan haka ya kwanta, ido ya tafi gaba ɗaya. Na kai masa kunu da la'asar.

"Kande ce? Na ji ƙaurin mai," in ji shi. "Zauna. Ke kika yi gaskiya tun farko. Tsohuwa ta yi mini ƙarya, na raba wa mutane, na ƙarasa da shanun bawan Allah."

Na ajiye ƙwaryar, na faɗa masa zancen gawon da na sa aka kayar.

"Na kudun kika sare?"

"Shi."

"Har kututturen?"

"Har shi."

"Allah wadaran ƙosanki," in ji shi a hankali. Hawaye na bin kunnensa, bakinsa kuma kamar mai dariya. "Ashe ba mu haƙa wurin ba. Ashe tana nan."

Ban san ko tana nan ba, har yau ban sani ba. Kwana biyu ya ƙara a duniya, kuma ban koma ba sai da aka aiko. Amma ranar, da na kai bakin ƙofa, na juyo na ce masa, "Tana nan, Haladu. Kaka ba ta yi ƙarya ba, kai ma ba ka yi ba. Shanun Sajo a wuyana suke, ka sauke su."