Kiran Fito a Chongqing

Yayana Ran Defu mai fito ne, kamar ubanmu da kakanmu. Tun yana saurayi yake tuƙa kwale-kwale a koren kogin nan da ya raba ƙauyenmu da kasuwa, har aka zo aka gina gada, aikin ya mutu. Mutum ne da magana take yi wa wuya. Ni Dexiu, autar gidan, ni na kwashe surutun duka, shi kuwa in ya yi maka jimla biyu a yini to ranar ya yi hira.

A bakin ruwan ya samo matarsa, Tian Cuilan. 'Yar ƙetare ce. Takan tsaya da kwandonta ta sa hannu a baki ta yi kiran da kowa yake yi, "Hoo, mai fito, a kawo jirgi," shi kuma ya amsa da "Hoo" ɗaya tak. Mu a duwatsunmu wannan doka ce da ake koya wa yaro tun kafin ya iya riƙe tsinken cin abinci: in ka ɓata, kada ka hau sama, yi ta gangarawa har ka iske ruwa, ka tsaya ka yi kira.

Da tsufa ya zo, sai ya fara da kan Cuilan. Ta manta gishiri, ta manta hanyar gona, daga baya ko sunanta aka kira ba ta waiwayowa. Yaya ne yake taje mata kai, shi yake daka mata yaji. Da ƙungiyar tsofaffin ƙauye ta shirya yawon yini ɗaya zuwa babban birnin Chongqing, na ce masa ya bar ta a gida.

"Na yi mata alkawari tun muna yara zan kai ta ta ga birni," in ji shi.

"Alkawarin da ita kanta ta manta? Yaya, ka tsufa da rigima."

"Ni ban manta ba."

To, me za ka ce wa wannan? Muka hau mota da asuba, aka raba mana jajayen huluna, wata budurwa mai ɗauke da tuta ta ce duk inda tutar ta yi mu bi. Mun ga jirgin ƙasa ya shige cikin gidan mutane ya fita ta ɗaya gefen, mun ci taliya mai yajin da ya sa ni hawaye. Cuilan tana ta dariya, hannunta cikin na Yaya. Har na fara jin kunyar abin da na faɗa.

Da rana ta take aka kai mu wani fili mai faɗi don a yi hoto. Ni ce na ce wa Yaya ya riƙe mini jaka in gyara hula. Ya saki hannunta ke nan, wata ƙungiyar ta ratsa ta cikinmu, su ma da jajayen huluna, su ma da tuta. Da suka wuce, babu Cuilan.

Ko'ina na duba jar hula ce, kuma ba tata ba. Mai tuta ta ruga wurin masu tsaro, aka shiga kiran sunan Cuilan a lasifika. Yaya ya girgiza kai.

"Ba za ta amsa ba. Ta gangara neman ruwa."

"Gangara ina? Ai a ƙasa muke."

Ya ja ni zuwa bakin filin, muka leƙa ta kan ƙarfen. Ashe abin da muke takawa rufin bene ne. Can ƙasa motoci kamar tururuwa, a ƙarƙashinsu kuma wani titin, a ƙarƙashinsa wani. Daga nesa ga koguna biyu suna haɗuwa, ɗaya ruwan ƙasa, ɗaya kore-kore.

Ba ɓatan ne ya fi tayar mini da hankali ba. A gida, in rani ya yi, Cuilan takan naɗe wando ta ratsa koginmu da ƙafa, ruwa iya gwiwa. In ta yi kira ba a amsa ba, shiga za ta yi. Wannan kogin kuwa jirage masu bene ne suke yawo a kansa.

"Koren za ta bi," in ji Yaya. "Shi ne mai kama da namu."

"In kuma ba shi ta bi ba fa?"

Sai ya juya ya nufi hanyar sauka, na ga tsoro a fuskarsa. Ban taɓa ganin haka ba, ko ranar da ambaliya ta kife masa jirgi.

Muka shiga lif, ta sauke mu, muka fito sai ga mu a kan wata gada, har yanzu a sama. Muka bi matakala, ta kai mu cikin kasuwar takalma. Na tare wani mai dako da gorarsa a kafaɗa na ce ina hanyar ruwa, ya ce mu hau hawa uku tukuna sannan mu sauka. Na ce, "Kai mutumin nan, da wasa kake ko da gaske?" Da gaske yake. Wane irin gari ne wannan da sai ka hau kafin ka sauka? Gwiwoyina suna ƙara, ina tafe ina tsine wa hular da jakar da ni kaina. Yaya yana gaba, tsoho mai ciwon baya, yana tsallake matakala bibbiyu.

Da muka kai bakin kogin, jama'a ce cike, masu hoto, masu sayar da rake, ga ƙarar motoci daga gadar da ke samanmu. Na duba dama da hagu, ban ga kowa ba. Sai na ga jar hula tana yawo a kan ruwa, ta yi nisa da gaɓa.

Yaya bai kalli hular ba. Ya tsaya cak, ya karkata kunne. Ni ban ji komai ba sai injuna. Shi kuwa ya sa hannu biyu a baki, ya saki "Hoo" ɗin da rabona da jin sa tun kafin a gina gada. Mutane suka juyo, wasu samari suka yi dariya.

Daga can ƙasa, bayan wani tudun siminti, wata siririyar murya ta ce, "A kawo jirgi."

Tana tsaye a matakalar ƙarshe, ta naɗe wando, ta ajiye takalmanta a jere, ruwa yana dukan ƙaurinta. Taki ɗaya ya rage mata. Yaya bai yi gudu ba, don kada ta firgita. Ya sauka a hankali yana amsawa, har ya kama hannunta. Ni dai a nan na zube ina kuka kamar yarinya.

Cuilan ta dube shi sama da ƙasa, ta ɓata rai.

"Mai fito, yau ka shanya ni. Yi sauri ka ƙetarar da ni, mijina yana can yana nemana, kuma ba shi da bakin tambayar mutane."

Yaya ya durƙusa yana sa mata takalmi.

"Na san shi," ya ce. "Riƙe ni da kyau, zan kai ki wurinsa."